Tsegumi: Littafin Bashin Mai Shago Ya Fi Kwamfutar Babban Kanti Sanin Sirrin Gari

Ku ɗan matso, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Duk wanda ya san sunansa na cikin littafin mai shagon layinsu ya kwantar da hankalinsa, ba zan ambaci kowa ba. Ni dai 'yar rahoto ce. Abin da kunne ya tsinto a gidajen suna da rumfunan kasuwa nake kawo muku, sai kuma wanda kowa ya gani da idonsa amma kara ta hana a faɗa.

Kun tuna shekarar 2014, da aka buɗe Ado Bayero Mall a Titin Gidan Zoo? Kano ta ɗauka. Shoprite, kamfanin Afirka ta Kudu da ya shigo Najeriya ta Legas tun 2005, ya iso garin Dabo, ga kantin Game a gefensa. Aka yi ta tururuwa, wasu sayayya, da yawa kuwa kallo da shan sanyin na'ura. Samari suka samu wurin ɗaukar hoto, 'yan mata suka samu wurin gwada sabon ɗinki, aka riƙa bin layi a kan burodi kamar ba a taɓa gasa shi a Kano ba. Masu hasashe a lokacin suka ce shi ke nan, kwanan mai shagon unguwa ya ƙare, 'yan kasuwannin Singa da Sabon Gari su fara haɗa komatsansu.

Shekara goma ba ta cika ba labari ya sha bamban. Uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Najeriya ga Ketron Investment a 2021. Game ya tattara ya bar ƙasar a ƙarshen 2022. A Janairun 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano, duk da cewa har Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, ya fito ya nemi su sake shawara. Hujjar da suka bayar ita ce halin da tattalin arziki ya shiga, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai wannan halin ai bai tsallake Malam mai shago na bakin masallacin layinku ba, shi kuwa yau da asuba ma ya ɗaga ƙyaurensa. To masu sayen ina suka tafi?

Bari in fara da wata Hajiya, a wata unguwa ta masu hannu da shuni da ba zan faɗa ba. Majiyata ta ce tun babban kantin na tashe, Hajiya ledojinsa kawai take tarawa, ta ninke su tsaf a kicin. Direba za ta tura Singa ya jido katan-katan, 'yar aiki ta juye a ledojin nan kafin abokiyar zama ta leƙo gaisuwa. Wai ranar da aka rufe kantin ita ta fi kowa jimami a zauren WhatsApp na matan unguwar, har da alamar hawaye. Waɗanda suka san kan zancen suka ce ba kantin take wa kuka ba, ledar ce ta daina samuwa.

Ku yi dariya, amma Hajiya ta fi mu lissafi. Ta gane tun da wuri cewa katan ɗin taliya ɗaya ne ko a ƙarƙashin fitilu masu ƙyalli ko a rumfar kwano, bambancin kawai wanda zai biya kuɗin fitilun.

Ita ma dai ba ita ce yawancin gari ba. Yawancin gari su ne ɗan adaidaita da birkila da tela da mai wankin hula da ɗan dako, mutanen da kuɗinsu ke shigowa kullum kuma su fita kullum. Maigida da safe yake ajiye kuɗin cefane, abin da ya samo jiya shi ake ci yau. Babban kanti kuwa an gina shi ne domin mai albashin wata, mai mota da zai cika but, mai firji da wutar da ba ta ɗaukewa. Irin waɗannan nawa ne a Kurna ko Brigade ko Ɗorayi? Mai shago bai yi karatun kasuwanci a jami'a ba, amma ya san girman aljihun layinsa. Zai farke buhun sukari ya ƙulla na ɗari, ya tsiyaya man gyaɗa a 'yar leda, ya ba ka magi ƙwaya biyu, ƙwai ɗaya, taliya rabi. In yaro ya zo da kuɗin da bai kai ba, sai ya rage awon ya sallame shi, ba zai koma gida hannu rabbana ba. Ku je ku ce wa mai karɓar kuɗi a babban kanti ta yanka muku sabulu gida biyu, ku ga kallon da za ku sha.

Nan fa akwai abin da ba a so a faɗa, ni kuwa zan faɗa. In aka tara ƙulle-ƙullen nan na ɗari-ɗari har su cika kwano, talaka ya biya fiye da abin da Hajiya ta biya a sari. Mai shago ya sani, talakan ma ya sani. Amma wanda ke da naira ɗari biyar a hannu da yara huɗu suna jiran karin kumallo, arahar buhu ba ta da amfani a wurinsa.

Sai babbar magana, wadda ta sa na ce ku matso: littafi.

Kowane mai shago yana da shi, littafin makaranta ne mai bango da ya sha maiƙo, a ƙarƙashin teburi ko a bayan gwangwanayen madara. Kalma biyu ce ke buɗe shi: “A rubuta.” Malamin firamare da albashinsa ya makara yana ciki. Ma'aikacin da ke fita da babbar riga da ƙamshin turare yana ciki. An raɗa mini cewa akwai wani Alhaji mai motoci a jere, wanda ake yi wa kirari a wurin ɗaurin aure, shafinsa ya kai uku, kuma ba ya zuwa da kansa, sai bayan isha'i yake turo yaro da 'yar takarda. Mai shagon in an zolaye shi a kan maganar sai ya yi murmushi ya ce, “Alhaji ai babanmu ne.” Bai ƙaryata ba, bai kuma gaskata ba.

Ku lura da yadda bashin nan yake. Babu fom, babu mai tsaya maka, babu kuɗin ruwa. Jinginar kawai kunya ce. Wanda ya ci bashin zai tsaya sahu ɗaya da mai shago sau biyar a rana, matansu suna haɗuwa a Islamiyya, 'ya'yansu suna tafiya makarantar allo tare. Ina zai gudu? Shi kuma mai shago ya san wanda aka yi wa haihuwa, wanda aka sallama daga aiki, wanda mahaifiyarsa ke kwance a asibiti, saboda haka ya san wanda zai ɗaga wa ƙafa da wanda zai ce wa, “Yallaɓai, a ɗan rage mana, Singa za mu shiga gobe.” Kwamfutar babban kanti ba ta san ɗayan waɗannan ba. In kuɗinka ya gaza da naira hamsin, a gaban layi za a ce ka cire abu ɗaya, kowa na kallo. Bahaushe zai iya jure tsada, tozarci ne ba ya jurewa.

Shi ma mai shagon ba da tsabar kuɗinsa yake cika kantoci ba. Ubangidansa a Singa ne ke ba shi kaya ya sayar ya kawo, ubangidan kuma dila ne na kamfani. Bashi ne a kan bashi tun daga sito har zuwa tukunyar tuwo, kuma amana ce ke riƙe da shi. Wanda ya ci amanar sau ɗaya, kafin la'asar labarinsa ya zaga layin 'yan sari, ba sai an kai shi kotu ba. Na fi ganin wannan a matsayin ainihin abin da manyan kamfanoni suka kasa saye, ko da nawa suka zo.

Akwai kuma daɗin ciniki kansa, wanda masu manna farashi a jikin kaya suka raina. Ku shiga Kantin Kwari neman kayan lefe. Kafin a buɗe atamfa ɗaya an miƙo kujera, an kawo ruwa, an tambayi mutan gida. “Hajiya, taya mana.” Ta taya, ya ce albarka, ta miƙe kamar za ta tafi, ya ce, “Haba Hajiya, dawo, ai ba ma yi haka da ke ba.” Daga ƙarshe a sallama, a ɗora mata ɗankwali ko a yafe kuɗin dako. Wataƙila abin da ta biya bai gaza na kanti da komai ba, amma ta koma gida da labarin yadda ta karya farashi, kuma wannan labarin ma wani abu ne da ta saya. In ta je gida ta tarar da tabo a turmi, gobe ta dawo da shi a canza mata, ba mai tambayarta rasit ko ya ce manaja ya fita. Haka mai awo a Kasuwar Rimi zai cika kwano ya yi masa tozo, ya ƙara da gyara. Tun ina yarinya nake jin tsofaffi na auna kirkin ɗan kasuwa da gyararsa.

Yanzu mu leƙa ta bayan kanti, inda akantoci ke kuka a ɓoye. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin ɗari a Disambar 2023, alhali mafi ƙarancin albashi yana nan a naira 30,000 har zuwa tsakiyar 2024. A cikin wannan yanayi babban kanti zai sayi dizal ya kunna na'urorin sanyi tun safe har dare, ya biya hayar katafaren gini, ya biya masu gadi da masu shara da masu karɓar kuɗi, ya nemi dala ya shigo da kaya, ya kuma lissafa harajin VAT na kashi 7.5 a kan rasit. Duk wannan a kan gwangwanin madararka zai sauka. Mai shago fa? Fitila mai caji, fanka in an kawo wuta, ƙaninsa da ya ɗauko daga ƙauye shi ne yaron shago kuma shi ne mai gadi, don a ciki yake kwana. Ya buɗe bayan sallar asuba, bai rufe ba sai gari ya yi tsit. In yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare, ƙofarsa ake bugawa.

Ba Shoprite kaɗai guguwar ta ɗauka ba. Woolworths tun 2013 ya fita, Mr Price ya bi shi a 2020. A 2023 kaɗai, Unilever ta daina yin Omo da Sunlight da Lux a Najeriya, GSK mai Panadol ta sanar da tafiya, Procter & Gamble mai Pampers da Ariel ta ce ta daina ƙera kaya a nan. Shagunan unguwa ba su yi zaman makoki ba, garin wankin da ake yi a nan cikin Kano, irin su Viva, ya cike gurbin. Kantunan 'yan gida kuma irin su Sahad da Jifatu suna nan suna ciniki, domin sun san Bakano yana so ya ga shadda da atamfa a bene ɗaya da shinkafa da mai.

Sai matan cikin gida, waɗanda ba su da ko allon suna. A Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka rufe harkar kai abinci a Najeriya, da manhajojinsu da ofisoshinsu. A daidai lokacin kuwa wata baiwar Allah a cikin lungu, da wayarta ɗaya, tana ɗora hoton dambun nama da alkaki da dubulan a WhatsApp, kafin azahar an saye, ɗan sahu ya kai. Wata turaren wuta da humra, wata lesuka, wata kayan kicin a biya kaɗan-kaɗan ta hanyar adashi. Masu sayenta ƙawayenta ne da ƙawayen ƙawayenta, in kaya bai yi kyau ba a gidan biki za a tare ta, shi ya sa take kiyayewa. Ƙawata ta rantse mini akwai gidan da maigida ke cika baki a majalisa cewa shi ke riƙe da komai, alhali kuɗin makarantar yara na zangon nan daga cinikin cincin ɗin uwargida ya fito, a matsayin rance, kuma ita ma tana da nata littafin. Ba a bakina kuka ji ba.

Kada fa ku ɗauka waliyyai nake ba ku labari. Akwai mai awon da ya bubbuge gindin kwanonsa ya shige ciki. Akwai mai shagon da ke goge ranar lalacewar kaya, ko ya tura tsohon biskit gaba don yara ba sa dubawa. In dala ta tashi da safe, kafin walaha ya ƙara kuɗi a kan kayan da ya saro tun watan jiya, in ta sauka kuwa sai ya ce tsohon kaya ne, da tsada ya saya. A Fabrairun 2024 sai da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Masu POS ma kun tuna abin da suka yi mana a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutum ya koma sayen naira da naira. Sannan bencin ƙofar shago, in ban ɓoye muku ba, rabin labaran wannan shafi daga can suke tasowa. Wanda ya san yawan magin da gidanka ke saye ya san ranar da ba a ɗora tukunya ba.

Duk da haka mutane suna komawa. Bayan duk abin da masu POS suka yi, yau wa ke son ya shiga banki ya ɗauki lamba ya zauna jiran a ce sabis ya ɗauke, alhali ga yaro a ƙarƙashin lema a bakin layi, ya san sunanka, zai ma ba ka kuɗin ka turo anjima?

To ga sirrin da 'yan ciki suka sani, wanda ya sa nake dariya in na ji ana cewa ƙanana sun kayar da manya. Ku duba na'urar da ke hannun yaron nan mai lema, sunan wa ke jiki? Moniepoint ko OPay, kamfanoni masu biliyoyi. Ku duba teburin mai shayi, katan ɗin Indomie ne jibge, ga Peak, ga Lipton. Buhun sukarin da mai shago ke ƙullawa na Dangote ne ko na BUA. Cowbell tun 1993 ta shigo da madarar gari a 'yar ƙaramar leda, manyan da suka raina dabarar daga baya duk suka bi sahu. Ashe manyan ba su mutu ba. Waɗanda suka ce talaka ya yi wanka ya hau mota ya zo ya same su, su ne suka kwashi kashinsu a hannu. Masu wayon kuwa suka sunkuya suka shiga ta ƙofar mai shago, suka bar shi ya yi gaisuwa, ya ba da bashi, ya sha zagin tsada, su kuma suna karɓar nasu ta hannun dila. Mai saye na ganin ya guje wa kamfani, alhali kamfanin ne ya canza riga ya biyo shi har lungu.

Shi ya sa yanzu in kun lura, wakilan kamfanoni ke fadanci a ƙofar shago. Mai jakar da a da ba ya sauka daga mota, yau shi ne ke durƙusawa yana “Alhaji, ina kwana, ya kasuwa?” ga mutumin da shagonsa bai fi ɗakin kwana ba. A yi masa fenti kyauta, a kafa masa allo, a ba shi lema da riga da kalanda, duk don ya ajiye kayansu a inda ido ke fara sauka. Domin sun gane in yaro ya zo ya ce a ba shi garin wanki na ɗari, hannun mai shago ne ke zaɓar wanda za a kai gida, ba tallan talabijin ba.

Na ƙarshe da ya iso kunnena a makon nan daga wata unguwa ce a bayan ganuwa. Wani kamfanin lemo ya kawo wa mai shago firji sabo fil, da sharaɗin kada a sa komai a ciki sai lemonsu. Aka sa hannu, aka yi hoto, wakili ya tafi yana murna. Da ya dawo zagaye ba sanarwa, sai ya tarar da lemon kamfani jeri ɗaya a gaba, bayansa kuwa tun daga sama har ƙasa zoɓo ne da kunun aya da lamurje na matar mai shagon, a cikin tsofaffin gorunan kamfanin da aka wanke. Wakili ya fara faɗa yana zaro takarda. Mai shago ya bar shi ya gama, sannan ya buɗe firjin ya miƙa masa kunun aya mai sanyi, ya ce, “Ranka ya daɗe, sha ka huce tukuna, rana ta yi zafi.” Majiyata ta ce ya shanye, ya sayi gora biyu ya tafi wa madam da su, kuma a rahoton da ya rubuta wa ofis ya ce firji na aiki lafiya.